Ni Ma Shi Na Sha

A Jega ba ka isa ka ce kanka na ciwo a majalisa ka tashi ba a rubuta maka magani ba. Kafin ka rufe baki wani ya ce farasitamol biyu, wani ya ce ƙara da ibuprofen, na uku ya dafa kafaɗarka ya ce, "Bar wanga wasa, taifot ce. Tai kemis ka ce a haɗa ma, ni ma shi na sha." Haka take a fadamun albasa na Aliero, haka take a tashar Maiyama, haka take a gidan biki tsakanin mata.

Ban ga laifin niyyar ba. Asibiti akwai kuɗin kati da na gwaji, ga layi, yini guda ya tafi. Mai kemis kuwa yana bakin titi, ya san mahaifinka, har bashi yana bayarwa. Abokinka so yake ka warke ka koma nema. Sai dai abin da yake iya miƙo maka sunan magani ne da yawan ƙwaya. Jikin da maganin ya yi wa aiki nasa ne, yana tare da shi. Wataƙila shi ba shi da gyambon ciki kai kana da shi, ko kana fama da hawan jini ba ka ma sani ba.

Ɗauki farasitamol da kowa ya raina. Iyakarsa ga babban mutum mai lafiya giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. To ga mutum ya sha Panadol da safe, mura ta taso ya sha Procold, gaɓoɓi suka ɗauka aboki ya ciro masa Ibucap daga aljihu. A lissafinsa magani uku ya sha. A lissafin hantarsa farasitamol ne ya shigo sau uku, don yana cikin dukkansu. An rubuta hakan a jikin kwalin, da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban sunan, inda ba mai dubawa. Abin tsoron kuma, hanta ba ta kuka da wuri. Wanda ya zarce ƙima zai iya yini garau, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar ta bayyana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗi. Ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin 'yar leda, fara, ja, ruwan ɗorawa, ba kwali, ba suna, ba ranar lalacewa. Idan na ciwon jiki ne, ba wuya ka tarar da diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a tare, alhali dangi ɗaya ne, aiki iri ɗaya suke yi. Tara su ba ya ninka sauƙi, abin da yake ƙarawa haɗarin gyambon ciki da zubar jini da taɓuwar ƙoda ne. Yanzu ka duba wa ke sha: mai ban-ruwa da ya yini cikin ranar bazara, gumi ya tsotse shi, ya dawo ya watsa su a ciki ba abinci. Ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci ita wannan dangin ya fi cutarwa. Wani lokaci kuma a jefa dexamethasone a ciki, mutum ya ji ya yi wasai ya ce mai kemis ɗin nan ya iya haɗi. Shi ne dai ake sawa a sha-ka-fashe na masu neman ƙiba. Daɗewa a kansa na kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi farat ɗaya.

Ko shawarar gaskiya tana iya zama kuskure idan ta sauya magani. An gaya wa wani ya sha Coartem da madara ko abinci mai maiƙo, kuma daidai ne, haka ya fi shiga jiki. Sai ya riƙe wannan ya ce wa ƙaninsa ya kora kafso mai ja da rawaya da fura da nono. Tetracycline ke nan, nono kuwa riƙe shi yake ya hana shi shiga jini. Haka ciprofloxacin. Shi kansa Coartem ɗin sau 6 ake sha cikin kwana 3, amma nawa ne ke ajiye sauran da zarar zazzaɓi ya sauka, su ba maƙwabci?

Wannan ɗabi'a ta shan kafso biyu a bari ita ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi tsanani. Batun tramol da kodin da diazepam kuwa ba sai na ja ba. Haɗa su na danne numfashi, mutum ya kwanta barci a tashe shi bai tashi ba. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi.

Gari irin Jega da ke da kwalejin kimiyyar lafiya, ga jami'a a Aliero, bai rasa wanda zai karanta kwali ba. 'Yan'uwa, in za ku kemis ko asibiti ku tafi da duk abin da kuke sha a leda, har na gargajiya, ku zube a gaban ma'aikacin. Ku tambayi sunan kowace ƙwaya, wadda ba ta da suna ku bar masa abarsa. Yaro da nauyinsa ake auna masa magani, a daina ɓalla masa rabin na babba. Mai juna biyu kuma, don Allah, kada ta sha komai a kan "ni ma shi na sha".