Wa Ya Ba Jirgin Labarinmu?



Mu da muka tashi a Gayam, kunnenmu ya riga idonmu sanin jirgin yaƙi. Tun kafin a hango shi kaji sun watse, mata sun ja yara ɗaki, dattawa a majalisa sun yi tsit suna sauraron inda ƙarar ta dosa. In ta yi wajen dajin Kamuku sai a sauke ajiyar zuciya, a ce Allah Ya tsare na Allah.

Wata rana da kaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa. Kakarmu ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta juyo ta ce, "Ku mazajena 'yan boko, wannan jirgin wa ya ba shi labarinmu? Ya san wane ne manomi, wane ne ɓarawon daji?" Muka yi dariya muka ce, "Kai Iya, ke dai ba kya rabo da tambaya." Dariyar rashin amsa ce. Tambayar nan ta bi mu makaranta, ta bi mu birni, ita ce kuma ta sa muka ɗauki biro yau.

Da muka fara bincike sai muka gane cewa kafin jirgi ya tashi, takarda ce ke fara tashi. Mu ɗauki Super Tucano guda 12 da Najeriya ta saya daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500. Shida na farko sun iso a watan Yulin 2021, aka girke su a Kainji, nan jihar Neja maƙwabciyarmu. Amma cinikin ya ɗauki shekaru. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra masu saukar ungulu, saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam. Suna da wata doka, dokar Leahy, da ta haramta taimaka wa duk rundunar da ake da ƙwaƙƙwarar shaida ta ci zarafin jama'a. Sai a 2017 aka kai maganar Tucano gaban majalisarsu, kuma cikin abin da aka rubuta har da horo kan dokokin yaƙi da kare farar hula.

Su wa suka yi wannan zirga-zirgar? Jami'an Ma'aikatar Harkokin Waje, lauyoyi, tafintoci, masu rubuta rahoto, da hafsoshin da ke wakiltar ƙasa a ofisoshin jakadanci. Da yawansu ba su taɓa harba bindiga ba. Aikinsu karatu ne da rubutu da zaɓen kalma, wato abin da muke koya a nan kowane mako.

Kuma ba yau aka fara ba. Hafsoshin Indiya suka taimaka aka kafa makarantar sojoji ta NDA a Kaduna a 1964, na Ingila kuma suka taimaka a kwalejin Jaji a 1976. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi tana da hedikwata a Njamena tun 2015, inda ake rubuta rahoto da Turanci da Faransanci a kan mutanen da ke magana da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Tsakanin bakin talaka da teburin janar akwai wani mai fassara. Idan ya karkace, komai ya karkace.

Ba mu manta da Tudun Biri ba. Daren 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne. Daga sama, taro taro ne. Sai ɗan ƙasa ya san cewa a ƙauyukanmu Mauludi yana tara mutane cikin dare, haka biki, haka jana'iza, haka jerin babura ranar kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To me ya sa ba a cika ganin mai ɗakin a wurin da ake tsara gyaran rufin ba?

Mun san dalili ɗaya, domin a gidanmu ya faru. Ranar da ƙaninmu ya ce zai karanta hulɗar ƙasa da ƙasa don ya yi aiki a ɓangaren tsaro, mahaifiyarmu ta rufe masa baki da hannu ta ce, "Rufa mana asiri, kada a ji." A Birnin Gwari kalmar infoma ta ci rayuka. Tsoronta gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Sai dai muka zauna muka yi mata bayani: wannan ba aikin nuna gidan wani a ɓoye ba ne. Aiki ne na ofis, mai doka da sa hannu, inda mutum zai iya miƙewa ya ce wannan sharaɗin zai cuci mutanenmu, a gyara shi.

Akwai wani haɗarin kuma da ba za mu ɓoye ba. Baƙon da ya kawo jirgi da horo yana da tasa buƙatar, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ga yadda ta kaya a Nijar: sojojin Faransa suka fice a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadez a 2024. Ƙawancen da jama'a ba su san abin da ke cikinsa ba, rana ɗaya yake rushewa. Shi ya sa ake buƙatar wanda zai karanta kowane layi da idon ɗan gida, sannan ya iya bayyana shi da Hausar da Iya za ta gane.

Hanyar ba a rufe take ba. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa. Mu ƙara Faransanci a kan Turancinmu, tunda daga Maraɗi har Njamena ana aiki da shi a ofis. Mu karanta yarjejeniyoyin Janiba na 1949 da suka shata iyakar abin da ya halatta a yaƙi. Hedikwatar ECOWAS tana Abuja, cibiyar horar da masu wanzar da zaman lafiya ta Martin Luther Agwai tana Jaji, ta Kofi Annan tana Akara.

Kafin nan, ga gwajin da muka ɗora wa kanmu. Mu rubuta shafi ɗaya tak kan wani abu da ya faru a garinmu: ranar da ya faru, mutum nawa, wa ya gani da idonsa, wa aka faɗa wa. Ban da ƙarin gishiri, ban da zagi, ban da ɗora laifin mutum goma a kan ƙabila guda. Sannan mu juya shi Turanci, mu ba wani ya dawo da shi Hausa, mu ga abin da ya zube a hanya. Mun gwada, kuma ya fi rubuta labarin soyayya wuya nesa ba kusa ba.

Iya ta rasu ba mu ba ta amsa ba. Ƙanin namu yana Zariya yanzu, yana fama da Faransanci, mahaifiyarmu kuma ta koma yi masa addu'a a fili. Fatanmu wata rana idan jirgi ya wuce ta saman Gayam, wata tsohuwa ta yi irin tambayar Iya, a samu mai ce mata, "Ɗanki ne ya ba shi labarin."

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.