Daga Niyok zuwa Shikago: haƙƙin jinjiri a jirgin ƙasa

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Niyok zuwa Shikago, a ƙasar Amurka, yakan bar tasha da la'asar. Yana bin gaɓar kogin Hudson har garin Albany, ya ratsa Buffalo da Cleveland cikin dare, ya isa da hantsi. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500, kusan awa 20. Kamfanin Amtrak, wanda ya fara aiki a 1971, shi ke da jirgin.

Mun sha kallon ruwa da duwatsu ta taga, amma abin da ya fi tsaya mana a rai yana cikin tarago: iyaye masu goyo. Babba yana iya daure yunwa da barci. Jinjiri kuwa bai san haƙuri ba, kuma a tafiya irin wannan sai an sake masa kunzugu sau da yawa. Idan babu wurin da aka keɓe, sai kujera ko cinya, jirgi kuma yana rangaji. Ga tsoron faɗuwar yaro, ga najasa a inda mutane ke cin abinci. Ga Musulmi akwai ƙari, domin tufar da ke jikinsa da ita zai yi sallah.

Mutanen ƙasar sun kai wannan magana majalisa. A 2016 shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta wajabta teburin sake kunzugu a makewayin gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga, na mata da na maza baki ɗaya. A 2025 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da ya nemi irin wannan teburi a sababbin jiragen Amtrak. Teburin kansa ɗan allo ne da ake buɗewa daga bango, a naɗe shi bayan an gama.

Ya 'yan'uwa, ambaton makewayin maza abin lura ne gare mu. Ma'anarsa ita ce uba ma yana da hannu a wannan hidima. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa.

Mu ma muna da doguwar tafiyar dare, kamar ta Yawunde zuwa Ngaundare, wadda ta wuce kilomita 600. Kafin hukuma ta yi doka, maigida ya tanadi leda da ruwa da sabulu, ya karɓi yaro idan uwa ta gaji, matafiya kuma su yi mata sarari. Allah ya raya mana zuriya bisa Sunnah, amin.