Yaranmu Sun Haddace Sunayen, Amma Ba Su Taka Wuraren Ba

Makarantun sakandaren Yahudawa da yawa a Amurka da Kanada da Ingila suna da wata al'ada da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Kafin ɗalibai su kammala, akan kwashe su aji guda a fita da su ƙasar waje, su je su tsaya da ƙafarsu a wuraren da suka karanta a littafi. Wasu Foland ake kai su. Tun 1988 ake shirya wani tattaki na kilomita 3 daga sansanin Auschwitz zuwa Birkenau, inda 'yan Nazi suka hallaka mutane sama da miliyan ɗaya, akasarinsu Yahudawa, daga nan kuma a wuce da yaran Birnin Ƙudus. Wasu Sifen suke nufa, su shiga Ƙurɗuba, garin da aka haifi babban malaminsu Musa ɗan Maimun, likitan da ya yi yawancin rubuce-rubucensa da Larabci, ya rasu a Masar a 1204. Wasu kuma Maroko, su zaga tsohuwar unguwar Yahudawa ta birnin Fas, wannan Fas ɗin da 'yan uwanmu Tijjanawa suke zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani.

Na san da jin sunan Yahudawa zuciyar mutane da yawa za ta tafi Gaza. Tawa ma tana can. Amma ba gwamnatin Isra'ila ce a gabana yau ba. Iyaye da malamai ne a gabana, waɗanda suka yanke shawarar cewa ɗansu ba zai girma bai ga inda tarihinsa ya faru ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirin da ake yi kafin tafiyar. Watanni ake ɗauka ana karantar da yara labarin wuraren da za su. Akan haɗa su da dattawan da abin ya faru a kan idonsu. Da dare a zauna a tattauna abin da aka gani da rana, yara su rubuta nasu. Ɗan marasa hali kuwa akan nema masa tallafi don kada a bar shi a gida.

To mu dawo gida, Kura da Bunkure da Garun Malam.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakinmu, yankin nan ya daina sanin zaman rani. Shinkafa ta tashi, tumatir ya shiga, ga albasa, ga alkama, ga masara. Alheri ne babba, Allah Ya ƙara albarka. Sai dai wannan alherin ya cinye lokacin yaro. Je ka bakin gonar shinkafa idan ta fara nuna, da sassafe. Za ka tarar da yaro ɗan shekara goma sha uku a kan kunya, ƙafarsa duk taɓo, yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, yana ihu yana korar jan-baki, muryarsa har ta dushe. Daga nan ya wanke ƙafa ya ruga boko, da yamma Islamiyya. Lokacin tumatir kuma yana Kwanar Gafan yana dakon kwando. Wannan yaron, tambaye shi wane ne Mujaddadi, zai amsa maka nan take: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tambaye shi ina Ɗegel take, ko me ya kai Shehu Gudu, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ba laifinsa ba ne. Karatun da muka ba shi kamar irin shinkafa ne da aka yafa ya tsiro ya yi kore, amma ba a cire an dasa ba.

Idan ma makaranta ta ce za ta fita ziyara, mun san yadda ake yi. A ɗauko bas, a cika ta, a je gidan zu a Kano ko bakin ruwan Tiga, a sha lemo, a ɗauki hoto, a dawo kafin magariba. Ban raina wannan ba, yara suna buƙatar shan iska. Amma a bas ɗin nan ɗaya, da man nan ɗaya, za a iya kai su Gidan Makama, a hau da su Dala, a bi da su ta unguwar Sharifai a faɗa musu cewa Shehu Magili ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. A gaya musu cewa a 1492, shekarar da daular Musulmi ta ƙarshe ta faɗi a Andalus aka kuma kori Yahudawa daga Sifen, Rumfa yana kan gadon sarautar Kano. Yaro zai gane garinsu yana cikin tarihin duniya tun da daɗewa.

Ga Rano nan kusa da Bunkure, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ga Bebeji, inda sojojin Turawa suka fasa gari a kan hanyarsu ta cin Kano a farkon Fabrairun 1903. Ga Zariya a kan titin da motocin tumatirinmu suke bi kullum, da tsohon masallacin Juma'arta wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu. Bakan gizon da ya ɗaure yana nan har yau a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Duk yaron da yake mafarkin zama injiniya ya kamata ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai.

Amma babbar tafiyar da nake so wa yaranmu ita ce ta Sakkwato. A fara da Ɗegel, inda Shehu ya zauna yana karantarwa, a ba su labarin hijirarsa zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Sannan a zo Hubbare, gidan da ya rasu a 1817 aka binne shi a ciki. Ɗalibi ya cire takalmi ya shiga, ya ga cewa mutumin da ƙasashe suka bi ba a cikin wata ƙasaitacciyar fada ya kwanta ba. A wuce Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837.

Kuma a tafi da 'yan mata. Wannan ina faɗarsa da babbar murya, don na san su za a fara cirewa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da mahaifinta Shehu. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu, wato jaji, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da matan aure. Yarinyar da uwarta take wuni a gaban tukunyar turara shinkafa a Kura, hayaƙi na cin idonta, ta fi kowa cancantar ta tsaya a wurin nan ta ji cewa an yi macen da ta damu da ilimin irin uwarta.

Na san akwai saɓani tsakanin malamanmu kan ziyarar kaburbura. Ina girmama kowane ɓangare. Abin da nake nema bai wuce abin da aka haɗu a kai ba: a yi sallama, a yi wa mamaci addu'a, a ɗauki darasi, a koyi tarihi. Malamin da ya raka yara ya koya musu ladabin wurin tun daga gida.

Ƙasar waje fa? Tamu ƙasar wajen ba ta buƙatar jirgi. A Maratta aka haifi Shehu a 1754, kuma yau Maratta tana cikin Jamhuriyar Nijar. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a Agadas ya zauna. Can ne kuma hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 take, a masallacin da aka fara ginawa wajen 1515, a tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Mutanen Kura kuwa suna da tasu alaƙar da wannan gari. Tun kafin kanal, da rini aka san Kura. Turkuɗin da marinanta suka rina da baba, mabuga suka buga har ya yi sheƙi, shi Buzaye suke naɗawa a ka har cikin Azbin. Jikan marini ya je ya tsaya a kasuwar Agadas ya ga inda aikin kakansa ya riƙa zuwa, wannan darasi babu allon da zai ba shi.

Ba na rufe ido ga halin da hanyoyi suke ciki. Babu uban da zai yarda a bi da ɗansa ta dajin Zamfara a yadda abubuwa suke, kuma yana da gaskiya. Tun juyin mulkin Yulin 2023 ma harkar kan iyakar Nijar ta sauya. Don haka Sakkwato da Agadas sai an nemi shawarar masu sanin hanya, ko a jira Allah Ya kawo sauƙi. Amma rashin tsaron can ba hujja ba ce ta ƙin zuwa Rano ko Dala.

Saura kuɗi. Iyayena da yayyena manoma, ku yi haƙuri da ni a nan. Mun ga abin da ake kashewa a walimar saukar Alƙur'ani: anko, rumfuna, kujeru, lasifika, kalanda. A rage kashi ɗaya cikin uku kawai. Ranar da aka sheƙe shinkafa, kowane uba ya ware kwano biyu ko uku na shanshera, kwamitin iyaye ya tara ya sayar, a fara biya wa marayu kujera kafin kowa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun iya tara kuɗin yashe kanal, ba za su kasa wannan ba. A sa tafiyar bayan girbi, lokacin da gona ta saki yara. A nemi dattijo ɗaya daga tsofaffin marinan Kura ya hau motar tare da su, malamin tarihi ya ba kowane ɗalibi tambaya ɗaya da zai nemo amsarta a can, ya dawo ya karanta a gaban iyaye.

Idan kai shugaban makaranta ne a Kura ko Bunkure, ko kina koyarwa a Islamiyyar matan aure, ku yi magana, mu ji wace makaranta ce za ta fara kai 'yan ajin ƙarshe Rano da Gidan Makama a wannan zangon.