Gawar Da Ta Yi Atishawa

Jama'a, akwai wani irin wasan kwaikwayo da Turawa ke so ƙwarai, watau wanda za a kashe mutum tun farkon wasa, sa'an nan a yi ta neman wanda ya kashe shi, 'yan kallo kuwa suna ta dariya. A birnin New York cikin 1941 aka fara nuna Arsenic and Old Lace na Joseph Kesselring, labarin waɗansu tsofaffin mata biyu masu fara'a da ke ba baƙinsu guba, suna ganin taimako suke yi. Sai da aka nuna shi sau 1,444. A London kuma, cikin 1952 aka fara The Mousetrap na Agatha Christie, wanda in an gama akan roƙi 'yan kallo kada su gaya wa kowa mai laifin.

Mu nan ba baƙin wasa ba ne. Muna da tashe cikin azumi, ga Wasan Marafa na Abubakar Tunau tun 1949, ga Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Amma dariya a kan gawa, wannan ba mu saba ba. Ni dai karambani ya sa na rubuta wa samarinmu na Daurawa irinsa: wani attajiri marowaci ya sha shayi ya faɗi, aka kira ɗan sanda kurma ya yi bincike.

Wahala ta fari, wa zai zama gawa? Yaron da na zaɓa, mahaifiyarsa ta aiko mini cewa baki shi ke yanka wuya, ɗanta ba zai kwanta a yi masa kukan mutuwa tana raye ba. Ban ga laifinta ba. Na tafi wurin limaminmu, ya saurare ni har na ƙare, ya ce, “Malam, ku yi wa rowa dariya, ku yi wa kwaɗayin gado dariya, amma kada in ga likkafani ko makara.” Da wannan sharaɗi wani tela ya yarda, muka rufe shi da bargo.

Ta biyu ta fi wuya. A London mai kallo bai san mai wasa ba, a Daurawa kuwa tare suke sallar asuba. Tun kwana uku kafin wasa, daga Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni ba wanda bai ji cewa ɗan'uwan attajirin ne ya sa gubar ba. Don haka a daren ƙarshe na juya labarin, na ɗora laifin a kan mai shayi. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, mai yin wannan matsayi sana'arsa ke nan ta gaske, da ita yake ci da iyali.

Ran wasa fili ya cika. Ana tsakiyar bincike ƙurar bargo ta shiga hancin tela, gawa ta yi atishawa, har wani dattijo ya yi mata addu'a da ƙarfi. Wuri ya kaure da dariya. Ɗan sanda kurma kuwa, Allah ya yi masa albarka, bai ko waiwaya ba.

Kashegari na bi ta teburin mai shayin, na tarar bencinsa wayam, yara na leƙe suna ce masa mai guba. Ya dube ni ya ce, “Malam, kai ka sha tafi, ni na sha asara.” Kunya ta kama ni. Kwana bakwai ina zuwa safe da dare, ina zama inda kowa zai gan ni, ina shan kofi biyu biyu da kuɗina. A rana ta takwas liman ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce a haɗa masa mai kauri.