Ihun Kunama, Shirun Kububuwa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda gida ke rikicewa idan kunama ta harbi mutum. Ƙato mai gemu sai ka gan shi yana birgima a tsakar gida yana kiran sunan Allah, gumi na tsiyaya, mata na salati, yara sun yi cirko-cirko. Kafin ka ankara maƙwabta sun cika zaure, kowa da maganin da ya zo da shi. Wani ya ce kananzir, wani ya ce albasa, wani ya ce a nemo kunamar a dandaƙa ta a shafa a wurin, wani ya matso ya yi tofi. Zafin ya tashi daga ɗan yatsa ya bi ƙafa har ya tayar da kaluluwa, ba mai runtsawa a gidan wannan dare. Amma washegari da hantsi yawanci za ka tarar mutumin ya saɓa fartanyarsa, sai ɗan tsamin da ya rage a wurin.

Wanda kububuwa ta sara kuwa da ƙafarsa yake dawowa gida. Ya nuna ɗigo biyu a idon sawu, ya ce wani abu ya taɓa shi a bakin kunya. Akwai ciwo, akwai kumburi, amma ba irin wanda ke tara jama'a ba. Ya ci tuwo, ya yi sallar isha'i, masu sannu su yi su watse. Bayan 'yan kwanaki sai a ji ana sanarwar jana'iza.

Na daɗe ina aikin malamin gona a ƙauyukan kudancin Gombe da na Bauchi kafin tsufa ya zaunar da ni, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan sha'ani shi ne mu da zafi muke auna haɗari, dafi kuwa bai san wannan ma'auni ba. Mun yi asarar mutane da yawa a tsakanin nan, majiya ƙarfi, a daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu.

Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ƙaramar aba ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu. Launinta na ƙasa ne da ɗigo-ɗigon fari a gefe, in ta kwanta cikin busasshen ganye ko ƙarƙashin tarin harawa sai mai ido sosai zai gan ta. Da magariba take fitowa. Lokacin kaka hatsi yana jan ɓera, ɓera yana jan maciji, manomi kuma yana cusa hannu ƙarƙashin dami ba tare da ya duba ba. In aka matsa mata ba ta cika gudu ba. Nannaɗe jikinta take yi tana goga ɓawon fatarta da juna, sai ka ji wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Wanda ya san wannan ƙara yakan ja da baya tun bai ga mai yin ta ba, kuma ina ganin ya kamata kowane yaro da ke zuwa gona ko kiwo a koya masa ita.

Aikin dafinta a cikin jini yake. Yana cinye abin da Allah ya sanya a jini mai sa shi daskarewa, har ya zama ko ƙwarzane mutum ya yi jinin ba zai tsaya ba. Alamar farko sau da yawa a baki take, mutum ya tofar da yawu ya ga ja, dasashi na tsattsafo da jini. Daga nan tsohon miki ya buɗe, fitsari ya rine, mai juna biyu ta yi ɓari, wani kuma jinin ya zuba a cikin kai, ya ce kansa na sarawa, daga nan shi ke nan. Likitocin da suka yi nazarin abin sun ce in ba a samu magani ba, cikin mutum 100 da kububuwa ta zuba wa dafi 10 zuwa 20 ba sa tashi.

Saboda haka ne tsaga take ba ni tsoro. Wata kaka muna wani ƙauye ana cirar gyaɗa, aka kawo wani saurayi a kan amalanke. Ƙanen mahaifinsa ya riga ya ɗaure masa cinya da igiya tamau, ya sa aska ya yi masa tsaga a ƙauri don a fitar da dafin. Tsumman da aka naɗe wurin ya jiƙe sharkaf, an sake wani, shi ma ya jiƙe. Uwar yaron tana riƙe da kansa ba ta cewa komai. Na durƙusa kusa da dattijon na ce, "Baba, don Allah ka ba mu shi mu kai asibiti, jinin nan ba zai tsaya da kansa ba." Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan magani a wurin ubanmu muka gada, kuma mun ga amfaninsa." Sai da yaron ya tofar da jini a gabansa sannan ya ce a je.

A asibiti na ga abin da ban taɓa mantawa ba, ga shi kuma ba wata na'ura ba ce. Ma'aikacin jinya ya ɗebi jinin yaron kaɗan ya zuba a ƙaramar kwalbar gilashi mai tsabta, ya jingine ta, ya duba agogo, ya ce kada kowa ya taɓa. Da minti 20 ya cika ya karkata kwalbar. Jinin lafiyayye da ya daskare ya manne. Na yaron sai ya gangaro tsararo. Nan take aka ɗaura masa ruwa, aka saka allurar kashe dafi. Bayan awa 6 aka sake ɗiba, aka sake jira, aka karkata kwalbar, jini ya tsaya cak. Dattijon da kansa ya karɓi kwalbar ya juya ta ƙasa yana kallo. Yaron ya rayu, amma ƙafar da aka ɗaure ta daɗe tana ba shi wahala.

Maganar dattijon nan cewa sun ga amfanin maganinsu, ba ƙarya ya yi ba, kuma ban yarda a riƙa yi wa irinsa kallon jahili ba. Abin da ya gani ya faɗa. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Macizai da yawa a dajinmu ba su da dafin da ke kisa, kuma ko mai dafin ba kullum yake zuba shi ba, wani lokaci saran gargaɗi kawai yake yi. Duk wanda irin wannan ya sara zai warke ko an ba shi saiwa, ko an manna masa baƙin dutse, ko ba a yi masa komai ba, sai yabo ya tafi ga mai magani. Haka zafin kunama yake sauka da kansa, kananzir ya kwashi lada. Wanda ya mutu kuma a ce kwana ne ya ƙare. Kwana na hannun Allah, babu musu, amma Allah ɗin ne ya hore wa bayinsa sanin allurar, kuma kwanan da aka yi ana jiƙa saiwa shi ne kwanan da allurar ta fi amfani.

Abin da ya kamata a yi wa wanda maciji ya sara ba shi da yawa. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse in kumburi ya zo. A sa kara ko itace a tallafe gaɓar don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi, kada a bar shi ya taka. Ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗauri mai hana jini gudu, domin ɗaurin nan ya jawo an yanke ƙafafun da dafi bai isa ya lalata ba. Kada a ba shi asfirin, tana ƙara zubar jini. Kada kuma matasa su bazama neman macijin, sau da yawa garin haka ake samun mutum na biyu.

Kasa da gamsheƙa kowacce da halinta. Kasa ƙatuwa ce mai nauyin jiki, takan kwanta a kan turba ba ta gusawa, saranta na kumbura gaɓa ya ruɓar da nama. Gamsheƙa takan shigo gida da dare neman ɓera ko 'yan tsaki, ta sari mai barci a ƙasa, in an tsokane ta kuma ta fasa kai ta feso dafi a ido. Wanda ta tofa wa a wanke masa idon da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa, sannan asibiti. Gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma yana tsare mutum daga ita.

Kada wani ya ɗauka na raina kunama. Abin da na faɗa game da babba ne, a irin ƙasarmu. Yaro ƙarami jikinsa bai kai ya ɗauki dafin ba, kuma kunamun hamada ba irin namu ba ne. A wajen Agadas cikin Nijar akwai masu dafin da ke taɓa zuciya da numfashi, suna kuma kashe yara, musamman lokacin zafi da farkon damina. In kunama ta harbi yaro ka ga gumi ya keto masa, yawu na dalala, yana amai ko numfashinsa ya canza, wannan ba na albasa ba ne. A nan ma zafin ba shi ne abin dubawa ba, yaron da ya daina kuka ya yi laƙwas ya fi mai tsala ihu ban tsoro. Kakkaɓe takalmi kafin a sa, da girgiza shimfiɗa kafin a kwanta, iyayenmu sun yi, bai kamata mu bari ba.

Zuma ma haka. Harbi ɗaya ko biyu zafi ne da kumburi, a kankare ƙarin da farce da wuri domin jakar dafin tana ci gaba da tsiyaya ko bayan ta tashi. Amma akwai mutanen da jikinsu bai jituwa da dafinta sam, harbi ɗaya sai leɓe da maƙogwaro su kumbura, numfashi ya toshe cikin mintoci. Irin wannan sai allurar gaggawa a asibiti. In kuwa taro guda suka taso, warin harbin farko ne ke kiran sauran, don haka a rufe fuska a ruga a shige ɗaki, kada a tsaya kore su da hannu. Rina ba ta barin ƙarinta, tana iya maimaita harbi, amma da wuya ta wuce ciwo.

Maganin saran maciji yana da tarihi a ƙasar nan wanda ya kamata a sani. A shekarun 1970 wani likita Baturen Ingila, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda shi da abokan aikinsa suka bi diddigin yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa. Daga baya aka kwashi macizanmu aka kai Ingila ana tatsar dafinsu. Yadda ake yi, a riƙa yi wa tumaki ko dawaki allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da makari, sannan a tace shi. Ta haka aka samu EchiTAb-G da ake yi a Birtaniya don kububuwa, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. A Kaltungo aka gwada su a kan majinyata 400, aka buga sakamakon a 2010. Har yau asibitin Kaltungo ne zuciyar wannan aiki, ana kawo masa mutane daga Taraba da Adamawa da Bauchi, sai kuma na Zamko a ƙasar Langtang ta jihar Filato. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ya shafe shekaru yana faɗa wa duniya halin da manomanmu ke ciki.

Dalilin da ya sa nake ambaton sunayen magungunan shi ne ba kowace kwalba da aka rubuta maganin maciji ce ke aiki a kan namu ba. Dafi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wani asibitin karkara a Gana, da aka sauya magani aka koma wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya, masu mutuwa sun tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kashi 12. Talaka ya sayar da akuya ya sayi irin wannan kwalba a kasuwa, mara lafiyarsa ya mutu, gobe in aka ce masa asibiti ba zai saurara ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. A 2017 ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ɗauki alkawarin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Ina yi musu fatan alheri. Amma wanda ake sara ba ya zaune kusa da masu rabon kuɗi. Manomi ne, ɗan Fulani mai kiwo ba takalmi, mace mai neman itace, yaro da ya fita fitsari da dare ba tocila. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai shi ne kafin a fara girbi a tabbata allurar gaske tana asibitin da ya fi kusa da manoma, da ma'aikacin da ya iya gwajin kwalbar nan, kuma a sanar a masallatai da kasuwanni wane asibiti ne ke da ita, don kada a ɓata dare ana yawo da mara lafiya daga wannan gari zuwa wancan. Ƙungiyoyin manoma kuma su ware wani abu daga asusunsu don kuɗin mota da na magani, su sayo takalman ruwa masu tsawo a sari su raba wa masu cirar gyaɗa da masu ɗaurin dami.