Kwana Uku a Las Begas: Dattawa Biyu Tsakanin Filin Dawaki da Teburin Caca



Ya ku masu karatu, a wannan mako za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi a ƙasar Amurka cikin watan Disamba na shekarar 2022. Mun tafi ne ziyarar ɗanmu da ke aiki a Birnin Tafkin Gishiri, hedkwatar jihar Yuta. Maƙwabtansa wasu dattawa ne biyu, miji da mata, Kiristoci, waɗanda duk sun haura shekara 75, kuma sun ƙarar da ƙuruciyarsu wajen kiwon shanu, sai da ƙarfi ya ƙare suka sayar da gandunsu suka dawo birni kusa da asibiti. Idon dattijon ya yi rauni har an hana shi tuƙi, ita kuwa matar ba ta iya doguwar hanya. Saboda haka suka roƙi ɗanmu ya tuƙa su zuwa Las Begas don su kalli babbar gasar makiyaya ta ƙarshen shekara, suka ce mu ma akwai wurinmu a mota.

Da farko mun yi ɗari-ɗari, domin duk wanda ya taɓa jin sunan birnin nan ya san da caca ya yi suna. Sai dattijuwar ta ce da mu, "Malam, kwantar da hankalinka. Masaukin da na kama mana babu injin caca ko ɗaya a cikinsa, kuma ba don kai na zaɓe shi ba." Ba mu gane nufinta ba sai daga baya.

Tafiyar mil 420 ce ko kusa da haka, watau wajen awa 6 a mota, ana fuskantar kudu. Jihar Yuta tana cikin jihohi biyu kacal, ita da Hawai, da suka haramta kowace irin caca a dokarsu. Muka bar duwatsu masu farin ƙanƙara a bayanmu, muka gangara ƙasa mai jan dutse, muka ratsa wani ƙuntataccen kwazazzabo a kusurwar jihar Arizona. Shigarmu jihar Nebada ke da wuya, tun ba mu ga gona ko makaranta ba, sai ga manyan allunan gidajen caca suna walƙiya a bakin hanya, suna jiran mutanen da dokar jiharsu ta hana.

Sunan birnin daga harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa fadamu, saboda wasu idanun ruwa da matafiya kan yada zango a kansu a tsakiyar hamada. An kafa garin a shekarar 1905 a matsayin tashar jirgin ƙasa. A 1931 jihar Nebada ta halatta caca, a shekarar kuma aka fara ginin babbar madatsar ruwa ta Huba a kan kogin Kolorado, dubban ma'aikata suka taru da albashi a aljihu da kaɗaici a zuci. Daga nan garin ya gane abin da zai riƙa sayarwa. Ruwan saman da ke sauka a wurin bai cika wuce inci 4 a shekara ba, kusan duk ruwan shansu daga tafkin madatsar nan ake jawo shi, amma da dare hasken fitilunsa sai ka ce rana ce ba ta faɗi ba. Da muka sauka muka nemi alƙibla, sai muka iske tana arewa maso gabas, abin da ya ɗaure wa wanda ya saba fuskantar gabas kai. Akwai kuma masallatai a garin da jama'ar Musulmi masu neman halaliyarsu.

To, mene ne wannan gasa? Suna kiranta rodiyo, kada mai karatu ya ɗauka rediyo muke nufi. Kalmar ita ma ta Sifaniyanci ce, daga aikin kewaye shanu a tattaro su wuri ɗaya. Mutanen Sifen ne suka kai dawaki da shanu nahiyar Amurka, makiyayan Meksiko suka ƙware a kan sirdi da igiyar zarge, daga gare su kuma makiyayan Teksas suka koya, waɗanda muka sani a majigi da sunan kaboyi. Ɗalibin tarihin Andalus zai so ya ji cewa kalmar da mutanen Sifen ke kiran gwanin mahayi da ita har yau ta samo asali ne daga sunan Zanata, ƙabilar Barbar ta Magrib, waɗanda mahayansu suka shahara a yaƙe-yaƙen Andalus. Majigi kuma bai gaya mana cewa da yawa daga makiyayan nan baƙaƙen fata ne ba. Ɗaya daga cikinsu, Bil Piket, shi ne ya ƙago wasan kayar da sa da hannu wanda ake yi har gobe.

Masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu a 1936, bayan sun ƙi shiga fili a birnin Boston saboda ƙarancin lada. An fara gasar ƙarshen shekara a Dalas a 1959, ta daɗe a Birnin Oklahoma daga 1965 zuwa 1984. Sai masu otal da gidajen caca na Las Begas, waɗanda kasuwarsu kan yi sanyi a farkon Disamba, suka yi tayin kuɗin lada da ya kusan ninka na Oklahoma, gasar ta koma can a 1985. Can ake yinta kowace shekara, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka kai ta Teksas. Ku lura da wannan, ya ku 'yan kasuwa: waɗanda suka zuba kuɗin nan sun yi lissafin cewa abin da makiyayi zai bari a kan teburinsu bayan an tashi daga kallo ya fi abin da suka kashe.

Ana yin gasar dare 10 a jere, a wani babban zaure na jami'ar jihar da ake kira Tomas da Mak, inda a sauran shekara ake wasan ƙwallon kwando. Sukan kwaso ƙasa da manyan motoci su shimfiɗa a daɓen, mutum sama da 17,000 su zauna a kewaye. A kowane fanni mutum 15 ne kawai ke shiga, waɗanda suka fi kowa cin lada a gasannin da aka yi cikin shekara. Ba su da albashi. Kowa shi ke ɗaukar nauyin dokinsa da man motarsa daga gari zuwa gari, in bai ci ba ya koma gida hannu rabbana.

Wasannin iri biyu ne. Akwai na sauri, waɗanda aikin garke ne aka mayar gasa. A ciki akwai wanda mahayi zai bi ɗan maraƙi a sukwane ya zarge shi, ya dira, ya kayar da shi ya ɗaure ƙafa uku, kuma sai ɗaurin ya riƙe sakan 6 kafin a karɓa. Akwai na mutum biyu, ɗaya ya zarge ƙahon sa, ɗaya ya zarge ƙafafun baya, kamar yadda ake yi in za a yi wa dabba magani a daji. Akwai na mata, inda ake kewaya ganguna 3 a guje cikin sakan 14 ko ƙasa da haka, wadda ta ture ganga a ƙara mata sakan 5. Sa'an nan akwai na juriya: hawan doki mai tutsu, da sirdi ko babu sirdi, da hawan bijimi wanda nauyinsa kan haura kilo 700. Mahayi zai riƙe da hannu ɗaya, ɗayan hannun a sama, bai halatta ya taɓa dabbar da shi ba, har sakan 8 su cika. Maki 100 ne, rabi na mahayi, rabi na dabba, don haka kowa fatansa ƙuri'a ta haɗa shi da mafi mugunta. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahautanmu ya san irin shirun da kan sauka a kan taro a lokacin da mutum da bijimi suka haɗu.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu yana kusa da mu. Dattijon ba ya ganin fili sai inuwa-inuwa, saboda haka matarsa ta jingina da kafaɗarsa tana faɗa masa abin da ke gudana: launin dokin, da hannun da yaron ya riƙe da shi, da gefen da bijimin ya juya. Shi kuwa da kunne yake kallo. Sau biyu ya ce, "Wannan ya makara wajen jefa igiya," tun kafin allo ya nuna lokaci, kuma haka ɗin ne. Ya ce ƙarar kofato ce ta gaya masa. Shekara 50 na aiki ba su bar jikinsa ba ko da ido ya tafi.

A dare na biyu, da muka tafi cin abinci, hanya ta bi da mu ta tsakiyar wani katafaren gidan caca, domin haka ake gina wuraren nan, sai ka ratsa injuna kafin ka kai ga tebur ko ɗaki. Ba mu ga taga ba, ba mu ga agogo a bango ba. Tsofaffi da matasa suna zaune kowa da injinsa, ba mai yi wa wani magana. Muka tsaya muka dubi faifan nan mai juyawa. Gurbi 38 gare shi, amma wanda ya dace da lambarsa ninki 35 ake biyansa. Watau in mutum ya sa dala ɗaya sau 38, a bisa lissafi sau ɗaya zai ci, ya tashi da asarar dala 2. Kashi 5 cikin 100 na duk abin da aka ɗora kan teburin nan rabon mai gida ne tun ba a juya faifan ba. Mai gidan caca shi kaɗai ne a zauren da ba ya caca.

A nan ne muka ga dattijuwar ta damƙe hannun mijinta, ta ƙara sauri. Da muka zauna, shi da kansa ya buɗe mana zancen. Ya ce a wata shekara, yana ɗan arba'in da 'yan kai, ya sayar da maruƙan shekara gaba ɗaya, ya zo kallon gasar nan da kuɗin a jikinsa. Bayan an tashi ya zauna a teburin karta don ya ɗan taɓa. Ya ci da farko, kuma ya ce cin nan shi ne ya halaka shi. Kafin gari ya waye babu kuɗin ciyawar hunturu, babu na biyan banki. Ya tuƙa mota ya koma gida, ya yi awa guda a ƙofar gida bai iya shiga ba. Matar ta karɓe zancen ta ce, "Na ga fitilar motar tun isowarsa. Da na ga bai fito ba, na san abin da ya faru, sai na ɗora shayi." Shekara 4 suka yi suna biyan bashin, suka sayar da wani yanki na makiyayarsu, ita kuma ta kama aiki a kicin ɗin wata makaranta. Tun daga ranar bai sake taka birnin ba, a talabijin yake kallon gasar, sai bana da likita ya ce abin da ya rage na ganinsa ba zai daɗe ba. Ita ce ta sayi tikiti, ita ke riƙe da kuɗin tafiya a cikin ambulan, shi ne kuma ya roƙe ta ta riƙe. Ya ce, "Malam, shekara 30 ke nan da wani abu, amma da na ji ƙarar injunan nan sai da tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi."

Wannan magana ta tuna mana da hikimar da ke cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda aka haɗa caca da giya wuri ɗaya, umurnin da ya zo a kansu kuwa na nisanta ne. Dattijon bai san ayar ba, amma da dukiyarsa ya sayi darasinta. Ita kuwa gasa, malamanmu na Malikiyya sun ba ta babi a littattafan fiƙihu, sun halatta lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, da sharuɗɗan da ke raba ta da caca, musamman game da wanda ya fitar da kuɗin. Ba za mu ce duk abin da muka gani a fili ya kuɓuta ba. Fizgar da igiya ke yi wa wuyan ɗan maraƙi ta sosa mana rai, ko da yake dokar ƙungiyar ta wajabta kasancewar likitan dabbobi a wurin, kuma a Amurka ɗin ma akwai masu suka. Hawan bijimi kuwa sai da rai ne: a 1989 wani zakaran duniya mai suna Len Furos ya rasu a fili a garin Shayen yana da shekara 25, bayan haka ne rigar kare ƙirji ta yaɗu. Duk da haka, mai igiya ya kwana yana koyo, mai injin kuwa jira kawai yake yi.

Mai karatu na iya cewa ina ruwansa da Las Begas. To, shi dattijon nan sai da ya yi tafiyar ɗaruruwan mil kafin ya iske teburin da ya cinye maruƙansa. Yau teburin yana cikin wayar da ke aljihun ɗanka da yaron shagonka da akawun ofishinku, da sunan hasashen wasan ƙwallo, kuma lissafinsa bai bambanta da na faifan nan ba. Wanda ya san rauninsa, ya nemi amintacce ya riƙe masa ambulan, wannan ba abin kunya ba ne.

Da safiyar kwana na uku muka kama hanyar arewa. Dattijon ya sayi sabuwar malfa, ita ce kaɗai tsarabarsa. Da muka tsaya shan mai a kan iyaka, matar ta ƙirga abin da ya rage a ambulan, ta miƙa masa canjin ta ce ya sayo musu kofi biyu. Ya lalubi ƙofar mota ya fita, ɗanmu yana riƙe da gwiwar hannunsa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zuriyarmu daga abin da ba ya da albarka, Ya ba mu abokan zama masu haƙuri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.