Maigida Yana Tsakiyar Teku, Waya Tana Hannunki



Na san za ki yi mamaki ki ga mutuniyar Dutse ta ɗauko zancen teku. Mu da garinmu duwatsu ne da dabino, babban ruwan da muka sani shi ne Kogin Haɗeja, wanda idan ya tumbatsa yakan raba mutanen Ringim da Taura da Miga da Auyo da gonakinsu, kamar yadda ya yi a damunar 2022, har sai da kwale-kwale ake shiga wasu ƙauyuka. Daga nan zuwa bakin teku a Legas kuwa tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a mota. To amma neman halaliya ba ya tambayar inda aka yanke wa mutum cibiya. Ƙanena ya yi karatu a makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, yanzu yana aiki a ɗakin injin wani jirgin dakon kaya. Idan ya tafi sai ya yi wata shida, wani lokaci tara, kafin ya dawo. Matarsa da 'ya'yansu uku suna nan unguwarmu, kusa da mahaifiyarmu. Ko da naki maigidan ba a ruwa yake ba, wataƙila yana Saudiyya ko yana kudu ko yana bakin aikin soja, ina ganin za ki tsinci wani abu a cikin abin da muka gani a gidanmu.

Lokacin da ya fara wannan aiki, da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa shi ke nan, sabis ya yanke, domin babu wanda ke kafa ƙarfen sabis a kan ruwa. Abin da ake da shi sai tsofaffin taurarin ɗan'adam irin na Inmarsat, wanda aka kafa tun 1979. Waɗannan suna can sama, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, saboda haka magana sai ta hau ta sauko kafin ta iso, kina yin sallama sai kin ɗan saurara kafin a amsa, ga kuma tsada. Abin da ya fi samu shi ne ɗan gajeren saƙo a rubuce, layi huɗu ko biyar, babu hoto, babu murya. Sai mu ɗauki waya mu je mu karanta wa Inna, ta ce a sake karantawa, a sake. Mako uku yakan wuce ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai sun tsaya a wata tasha ya sayi layin ƙasar ya kira.

Masu shekaru irin nawa za su tuna zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka kafa Galaxy a nan Dutse, muna ganin manyan faya-fayan nan da suka kalli sama ana ce mana ta nan intanet ke saukowa. Wancan faifai a kafe yake wuri guda. Ki ƙaddara shi a kan jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa dare da rana, za ki gane dalilin da ya sa abin ya daɗe yana da wuya da tsada ga mutanen teku.

Abin da ya canza lamarin shi ne zuwan sababbin taurari masu shawagi ƙasa-ƙasa. A watan Mayu na 2019 kamfanin SpaceX na Amurka ya harba guda 60 na farko na tsarinsa mai suna Starlink, yau kuma dubbai ne, suna zagaya duniya a nisan kusan kilomita 550, wato kwatankwacin tafiyar Dutse zuwa Abuja a mota. Na'urar da ke kama su shimfiɗaɗɗiya ce kamar tiren kawo abinci, tana sakin wannan tauraro ta kama na bayansa ba tare da an taɓa ta ba. A 2022 aka fito da tsarin na jiragen ruwa, a lokacin kuɗin wata Dala 5,000 ne, na'urorin kuma Dala 10,000, daga baya farashin ya sauko ƙwarai. A watan Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a watan Oktoban shekarar kuma kamfanin Maersk ya sanar da cewa zai sa shi a jiragensa sama da 330. Ƙanena ya ce har Turawan nan masu yawon duniya da iyalinsu a cikin ƙananan jiragen da iska ke turawa, yanzu da wuya ka ga wanda bai ɗaura tiren a bayan jirginsa ba, yara suna karatun makaranta a tsakiyar ruwa. Ita ma dokar ƙasa da ƙasa ta ma'aikatan jiragen ruwa an yi mata gyara a 2022, gyaran ya fara aiki ranar 23 ga Disamba, 2024, inda aka nemi masu jirage su samar wa ma'aikata intanet gwargwadon iko, idan za a caje su kuma kada a tsawwala.

Ranar da ya fara kiranmu ta bidiyo daga tsakiyar teku, ya juya wayar ya nuna wa Inna ruwan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Babu ko bishiya ɗaya?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, yau kwananmu tara ba mu ga ƙasa ba." Ta ce to ya mayar da wayar kan fuskarsa, ita ta ga abin da ya ishe ta.

Ni'ima ce babba, babu mai musu. Sai dai ta zo da wani abu da ba mu san shi ba a da, wato zargi. A can baya mako uku na shiru babu mai ƙorafi, kowa ya san teku ce, sai addu'a. Yanzu kwana biyu kacal idan ba a ji shi ba, zuciya ta fara saƙe-saƙe: ko ya yi fushi ne, ko maganar da na faɗa shekaranjiya ce, ko kuwa akwai wadda yake ba lokacinsa? Suratul Hujurat ta yi mana kashedi a kan yawan zato, kuma ni a ganina rabin maganin zato a nan shi ne ki san yadda abin yake aiki.

Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, wani lokaci ya katse shi gaba ɗaya. Kuma ba kowace ƙasa ce ta ba shi izini ba. Kowace ƙasa tana da ikon ruwan da ke gabanta har mil 12 na teku, kusan kilomita 22, to idan jirgi ya shiga ruwan ƙasar da ba ta yarda da shi ba, kamar Sin, dole a kashe. Sai ki ga abin mamaki, mutum yana tsakiyar teku ana hira da shi lafiya lau, ya iso bakin gari kuma ya ɓace. Akwai kuma wuraren haɗari. A shekarar 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirgi 130 a Mashigin Gini, wato tekun da ke gaban ƙasarmu, daga watan Nuwamban 2023 kuma aka shiga kai wa jirage hari a Bahar Maliya, har da yawansu suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. A irin waɗannan wurare kyaftin yana iya rufe intanet ɗin ma'aikata don kada wani ya fallasa inda suke. Shi ya sa ma, don Allah, ki hana yara da dangi ɗora sunan jirgin da inda ya nufa a Facebook don alfahari. Sannan kada mu manta da namu ɓangaren: sau nawa aka ɗauke wuta a unguwa wayarki ta mutu, ko sabis ya yi ƙasa, shi yana can yana ta kira?

Ɗan makin nan biyu na WhatsApp shi ma ya haɗa faɗa a gidaje da yawa. Wayarsa tana ɗaki tana kama intanet ɗin jirgi da kanta, saƙonki ya shiga, shi kuwa yana can ƙasa cikin zafi da ƙarar inji, kunnuwansa a toshe, ko kuma ya sauka daga aiki barci ya kwashe shi. A jirage da yawa awa 4 ake yi a bakin aiki a huta 8, dare da rana, babu Juma'a babu Lahadi. Shigar saƙo daban, karanta shi daban.

Datar ma a ƙayyade take, kowane ma'aikaci da rabonsa. Ƙanena ya taɓa wayar gari ya tarar rabonsa na mako ya ƙare, ashe hotunan biki da bidiyon wa'azi da na barkwanci da ake turowa a zauren dangi ne suka yi ta sauka da kansu yana barci. Tun daga nan ya kashe saukar kai tsaye, mu kuma muka roƙi dangi su rage. Matarsa ta ɗauki wata dabara da ta burge ni: bayan sallar isha'i takan yi masa saƙon murya guda ɗaya, ta faɗi yadda aka wuni, yara su gaishe da Abbansu, babban ya karanta haddar da aka ba shi a Islamiyya. Duk lokacin da ya sauka daga aiki ya saurara ya amsa, har ya gyara wa yaron inda ya yi tuntuɓe. Bidiyo kuwa sai ranar Juma'a. Kuma kafin ta buɗe kyamara takan tambaye shi, "Kai kaɗai ne?" domin wani lokaci a ɗakin cin abinci yake zaune, maza suna wucewa ta bayansa. Hanyar ma ta kamfani ce, ba ta gidanku ba, saboda haka hoton da ba ki so wani ya gani ki ajiye shi sai ya dawo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato abin da muke ɗorawa a kan wannan hanya. Tunda an samu sauƙin kira, sai wasunmu suka mayar da mutumin da ke teku alƙalin tsakar gida. An yi cacar baki da facala, a kira shi. Yaro ya fasa tulu, a kira shi. Mutumin nan ba zai iya sa takalmi ya zo ba, abin da zai iya kawai shi ne ya kwana yana juyi, gobe ya shiga cikin injuna da rabin hankali. Ban ce ki ɓoye masa komai ba, ina! Shi ne maigida ko yana ina, maganar makarantar yara da rashin lafiya da kuɗi da duk abin da ke bukatar izininsa hakkinsa ne ya sani, kuma mazan da ake ɓoye wa irin wannan sukan dawo su ji kamar baƙi a gidajensu. Amma abin da zai mutu da kansa kafin gari ya waye, ki bar shi ya mutu a nan.

Sai maganar rasuwa. A da idan aka yi rashi, manya sukan ce a bari sai ya sauka a gaya masa. Yau wannan ba ya yiwuwa. Da kawunmu ya rasu, wanda shi ya riƙe ƙanena yana yaro, ana cikin shawarar wanda zai kira shi, ashe wani yaro a dangi ya riga ya ɗora hoton marigayin da salati a kan status. Ƙanena ya tashi da asuba zai shiga aiki ya buɗe waya ya gani. Babu wanda ya yi masa sallama, babu wanda ya ce ya yi haƙuri, ga shi cikin mutanen da ba su san kawun ba, ba su ma san kalmar ta'aziyya ba. Haka ya sauka ɗakin inji ya yi awanninsa. Har yau idan ya tuna yakan ce, "Yaya, ba mutuwar ce ta fi yi mini ciwo ba, yadda na ji ta ne."

Daga nan gidanmu aka kafa doka. Idan an yi rashi, babu mai ɗora komai sai an sanar da na nesa. Babba ne zai kira, da murya, ba a rubuce ba, kuma a duba lokacin da ya sauka daga aiki. Idan hanya a rufe take, kamfani yana da lambar da ake bi a isar da saƙon gaggawa ta hannun kyaftin. Ki nemi wannan lamba tun maigida bai tafi ba, ki rubuta ta a takarda, kada ki dogara da waya kaɗai.

Da azumi kuwa abin har da ban dariya. Sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi tana isar masa a daren da ta iso mana, amma buɗa baki sai ranar inda yake ta faɗi. Akwai shekarar da suke gaɓar Barazil, inda muke gabansu da awa 4, Inna ta kira shi da dabino a hannu tana cewa, "Ka sha ruwa kuwa?" Ya ce, "Inna, ko la'asar ba mu yi ba." Idan sun yi gabas kuma, wajen Singafo, su ne ke gabanmu da awa 7, yana sahur mu ko kwanciya ba mu yi ba.

Wannan rikicin lokaci ne ya sa matarsa ta sayo agogon bango na biyu a kasuwa ta rataye kusa da na gidan. Jirgi idan yana ratsa teku, ana ƙara awa ɗaya ko a rage cikin dare. Duk ranar da aka yi haka sai ya turo gajeren saƙo, "A ƙara ɗaya," babban ɗansa ya hau kujera ya juya. Ƙaramar, wadda ba ta iya karanta agogo ba tukuna, ta riga ta san idan gajeren hannu ya sauka ƙasa sosai Abba ya kusa kira, sai ta ɗauko ɗankwalinta ta zauna kusa da waya.